Yuriya Zalla Ba Noma Ba Ce

Akwai wata magana da ta cika shafukanmu, har ta fara shiga gajerun labaran da ake turowa nan: wai takin zamani ne ya kashe mana gonaki, mafita ita ce a koma wa kashin shanu kamar yadda kakanni suka yi. Magana ce mai daɗin karantawa, amma ba mu yarda da ita ba, kuma muna ganin duk wanda ya yaɗa ta ba tare da lissafi ba yana wasa ne da rumbun wani.

Mu yi lissafin. Shawarar da masana na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, suka daɗe suna bayarwa ita ce hekta ɗaya ta masara na son kilo 120 na naitirojin, da kilo 60 na fosfet, da 60 na fotash. Busasshen kashin shanu kuwa, naitirojin ɗin da ke cikinsa yakan tsaya wajen kashi ɗaya cikin 100. Ke nan sai an kai tan 12 gona, kuma ba duka zai saki a daminar farko ba. Shanu nawa mai hekta ɗaya ke da su? Mangala nawa jakinsa zai yi? Mai cewa a bar buhu bai taɓa jidar taki da rani ba.

To amma kada dillalan taki su yi murna, don inda cutar take, a shagonsu take. Manomi ya je kasuwa, kuɗinsa bai kai ga kamfa ba, sai a miƙa masa yuriya a ce ai ita ce mai ƙarfi. Gaskiya ne tana da ƙarfi: kashi 46 cikin 100 naitirojin ne, wato kilo 23 a buhu, alhali kamfa 15-15-15 kilo bakwai da rabi kacal ke gare ta. Sai dai yuriya ba ta da fosfet ko ƙwaya ɗaya, ba ta da fotash. Ganye zai yi shar, mai wucewa ya yi sambarka, amma saiwa ba ta kama ba, goyon ya fito ɗan tsito. Sannan a watsa ta a saman ƙasa da rana tsaka, wani kaso ya bi iska, ruwan sama mai ƙarfi ya wanke wani. Kuɗin bashi ne fa ke tashi haka.

A Samaru ɗin akwai filin gwaji da aka soma tun 1950, ana gwada kashin dabbobi da takin zamani, kowanne shi kaɗai da kuma a haɗe. Abin da shekaru suka nuna shi ne takin naitirojin zalla, shekara bayan shekara, yana sa ƙasa tsami, amfani ya riƙa ja da baya. Inda aka haɗa da kashin dabbobi, ƙasa ta fi riƙe ƙarfinta. Dalilin ba boyayye ba ne. Ƙasarmu ta jigawa ba ta da ruɓaɓɓen ganye da yawa, kamar rariya take, abin da aka zuba sai ya zurare. Takin gargajiya shi ke toshe rariyar, ya riƙe laima, ya riƙe abincin da buhu ya kawo. Mu kuwa da kaka ta yi sai mu kwashe kara kaf, na danni da na girki da na dabbobi, abin da ya rage mu cinna masa wuta lokacin sharar gona. Daga baya ƙuduji ya mamaye, mu ce buhu ne ya jawo.

Manoman kewayen Kano sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suke noma gona ɗaya shekara da shekaru suna kai mata takin gida da na bola. Abin da muke so a riƙa faɗa wa mutane ke nan: a kai na gida da rani gwargwadon hali, a sa kamfa da shuka ko cikin mako biyu, yuriya ta biyo baya wajen mako na biyar, a tona rami ɗan nesa da gindin masara lokacin da ƙasa ke da laima, a zuba, a rufe.