Kada A Bar Tsofaffin Akwatunan Katako Su Salwanta

A Yasore da sauran ƙauyukan ƙasar Batsari da Safana, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, akwai lokacin da ba a cewa ɗakin mace ya kammala sai an ga akwatin katako a gefen gado, an jera tasoshi da kwanoni a kansa. Kafinta yakan ƙawata shi da ƙusoshi masu ƙyalli da fenti ja da kore, wani har da ƙananan madubai a gaba, sa'an nan a maƙala masa kwaɗo. A ciki uwargida ke adana zannuwanta na fita unguwa da 'yan kunne da turare, shi kuwa maigida nasa na ɗauke da rigar saƙi da rawani da takardu. Yau waɗannan akwatuna suna ƙarewa, kuma abin da ke tafiya tare da su ya fi katako daraja nesa ba kusa ba.

Sunayensu kaɗai sun isa su nuna tarihin fataucin Bahaushe. Kalmar sanduƙi daga Larabci ta fito. Adaka kuwa fataken goro ne suka zo da ita daga ƙasar Asante ta hanyar Gwanja. Akwati daga Yarabanci aka aro shi, sa'an nan fantimoti ya biyo Turawa. Kafin su, a lefe da taskira da tukwane ake ajiya, shi ya sa har gobe ake kiran kayan aure lefe, ko da a akwatunan Dubai aka zuba su. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, zarto da ƙusa da kwaɗo suka yawaita a kasuwanni, kuɗin gyaɗa da auduga suka shiga hannun talakawa, akwatin katako ya bazu har ƙauyuka.

Abin da ya fara kawar da shi son sabon yayi ne. Akwatin ƙarfe ya zo, fantimoti ya biyo baya, daga nan sai kabad ɗin zamani wanda da ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura ya ɓare. Abin takaici, 'yan boko ne a gaba wajen raina kayan iyayensu. Ma'aikaci zai je ƙauye rabon gado, ya ga adakar kakarsa, ya ce tarkace ce, a bar wa kaji su yi ƙwai a ciki. Alhali kuwa a Zanzibar da Oman irin waɗannan sanduƙai masu ƙusoshin tagulla a ɗakin baƙi ake girke su, baƙi na sayensu da tsada.

To, amma babbar masifar da ta auka wa yammacin Jihar Katsina ita ce ta 'yan bindiga da suka yi sansani a Dajin Rugu. Ba a manta da abin da ya faru a Tsauwa da Dankar cikin Ƙaramar Hukumar Batsari ba a watan Fabrairu na 2020, inda aka kashe mutum 30, aka kuma cinna wa gidaje wuta. Wanda ya tsere da tsakar dare da goyo a baya ba ya ɗaukar akwati. Wanda wuta ta bari, gara da ruwan damina suna jiransa a kango, wanda kuwa aka samu aka fitar, yunwa takan sa a sayar da shi a kuɗin da bai kai mudun gero biyu ba.

Mai karatu zai iya cewa ana ta rai wa yake ta akwati? Gaskiya ne rai ya fi dukiya, kuma tsaro shi ne gaba da kome. Amma a tuna da abin da ke cikin akwatin. A nan ne ake samun takardar cinikin gona da ta jingina da ajami, da takardun alƙali na rabon gado, da littattafan malamai rubutun hannu. A nan ne rasiɗan haraji da jangali suke, waɗanda gwamnatin marigayi Alhaji Balarabe Musa, wadda ta hau mulki a 1979, ta soke lokacin da Katsina ke cikin Jihar Kaduna. Irin wannan rasiɗi yana nuna wane ne ya zauna a gari kaza, a ƙarƙashin wane dagaci, a wace shekara. A 2025 an yi zaman sulhu a Batsari da Jibiya da wasu ƙananan hukumomi. Duk ranar da mutane suka koma garuruwansu, dattawan da suka san iyakokin gonaki sun rasu ko sun watse, waɗannan takardu ne za su raba gardama tsakanin maraya da mai ƙarfi.

Haka kuma ba a iya sake yin irinsu cikin sauƙi. Manyan itatuwa kamar maɗaci da madobiya sun yi ƙaranci ƙwarai. Saran madobiya don kai wa ƙasar Sin ya yi yawa a Afirka ta Yamma har a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta ƙayyade cinikinsu. Tsofaffin kafintocin da suka iya wannan ado su ma suna ta ƙarewa, yaransu sun koma harhaɗa kujerun kushin.

Doka kaɗai ba za ta wadatar ba. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba, sai dai ta fi ƙarfi a kan abin da aka ƙera kafin 1918. Yawancin akwatunan ƙauye ba su kai wannan shekaru ba, saboda haka dillali na iya kwashe su ba mai ce masa kanzil.

Don haka ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina ta haɗa kai da Sarkin Ruma Hakimin Batsari da Yariman Katsina Hakimin Safana, a bi ta hannun dagatai da masu unguwa a san abin da ya rage. Wanda ke son sayarwa, hukuma ta saya da daraja ta ajiye a gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, a rubuta sunan garin da na kafintan in an san shi. Wanda ba ya so, a ɗauki hoton takardunsa a mayar masa da abinsa, a ajiye kwafi a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ɗaliban tarihi da na Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma suna neman abin da za su yi bincike a kai, ga shi nan a bakin ƙofarsu, kuma ana iya somawa da 'yan gudun hijirar da ke zaune a Batsari da birnin Katsina.

Shi kuma ma'aikacin da Allah Ya sa ya gaji irin wannan akwati, kada ya shafe shi da sabon fenti, domin tsohon adon shi ne darajarsa. Ya ɗora shi bisa duwatsu ko bulo saboda gara da laima, ya sa kafur ko busasshen ganyen darbejiya a ciki saboda asu, ya kuma tambayi tsofaffin gida wa ya ƙera shi, da auren wa aka kawo shi, ya rubuta ya ajiye tun suna da rai. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya kawo zaman lafiya a ƙasar Ruma da Safana, Ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.