Abin da Ke Cikin Mataccen Rediyo

Mu da muka taso a Jajimaji mun san yadda ake yi in rediyon gida ya yi shiru: a naɗe shi a tsumma, a ba direba ya kai Nguru ko Gashuwa. Nguru kuwa, garin da jirgin ƙasa ya isa tun 1930, ta daɗe da sabawa da kayan ƙarfe. Can wani dattijo ke da rumfar gyara, mukan tsaya kallonsa in an aike mu kasuwa.

Ƙarƙashin teburinsa akwai kwali cike da taransifoma, waɗanda ya ciro daga rediyo da talabijin da masu su suka haƙura da su. Yawancinsu ba rubutu, tsatsa ta cinye. Wata rana wani ɗan kasuwa ya kawo rakoda mai cin batir 8, ya ce kuɗin batir ya ishe shi, yana so ta riƙa shan wutar gida. Dattijon ya sa hannu cikin kwalin, ya ɗauko ɗaya, ya jinjina a tafinsa. Nauyi shi ke fara gaya masa ƙarfinta. Sai ya kai hanci. Wadda ta taɓa ƙonewa ba ta iya ɓoye ƙauri, ko bayan shekaru.

Na ce, "Baba, yaya kake gane gabanta da bayanta?"

Ya ce, "Matso, yaro. Dubi waya."

Ɓangare guda wayar siririya ce kamar gashi, naɗinta da yawa. Nan wutar gida mai bolt 230 ke shiga. Ɗaya ɓangaren wayar kakkaura ce, naɗin kaɗan. Nan ƙaramar wuta ke fita. In ana son bolt 12, kusan kowane zagaye 19 na can zagaye ɗaya ne a nan. Ya ɗora mita ya tabbatar, ya kuma auna ko wayar na taɓa jikin ƙarfen, don irin wannan ita ke kashe mutum. Duk da haka bai jona ta kai tsaye ba. Sai da ya sa ƙwan lantarki tsakaninta da soket. In ƙwan ya haske sosai, naɗin ya haɗe a ciki, a ajiye ta gefe. In ya ɗan yi ja kawai, lafiya lau. Sannan ya ɗauko dalma ya liƙa diyod 4 da kondensa, su mayar da wutar irin ta batir.

Daga baya na fahimci cewa masu rediyon sha'awa, waɗanda ke da lasisin hira da takwarorinsu a faɗin duniya, haka suke yi. A Najeriya lambar kiransu da 5N take farawa. Na'urorinsu na son wajen bolt 13.8 mai ƙarfi, shi ya sa suke farautar tsohuwar taransifoma mai nauyi, su jinjina, su auna, su sa ƙwai kafin su jona. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yau cajar wayarmu ba ta kai nauyin goro uku ba, in ta mutu sai a yar. Tsofaffin taransifoman kuma na hannun 'yan jari-bola, suna fasa su, su ƙona naɗin, su sayar da tagullar a kan sikeli. Ba na ganin laifinsu, abinci suke nema. Amma zuciyata na sosuwa in na ga hayaƙin nan, don da yawa lafiyarsu ƙalau, mai jinjinawa kawai suka rasa. Mun manta cewa a tsakaninmu an yi mutanen da ba su shiga ajin kimiyya ba, amma suna karanta ƙarfe da hannu da hanci.

Ranar nan dattijon ya rufe rakodar, ya ɗaure kusoshinta, ya jona. Ya murɗa a hankali, shuuu, har ya kamo Sashen Hausa na BBC, wanda ke magana da mu tun 1957. Mai shayin da ke kusa ya rage wutarsa, masu wucewa suka dakata. Ɗan kasuwar ya zazzage batiran nan 8 a aljihu, ya ce zai kai wa yara su sa a tocila.