Bazara Ta Sake Hali

Jama'a, ina roƙon ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu in yi magana a kan zafi. Na san wani zai ce, mene ne abin rubutu a kan zafi, abin da aka haife mu a cikinsa? To, shi mai wannan tambaya shi nake nufi da fari. Mutanen kwalejin nan, in bazara ta kama, sun kasu kashi biyu. Akwai masu cewa, "Ai mun saba." Akwai kuma waɗanda tun watan Fabrairu bai ƙare ba hankalinsu ya tashi, kullum idonsu na kan waya su ga digiri nawa za a yi gobe, dare ya yi barci ya gagara. Ni ban ga wanda ya yi daidai a cikinsu ba, amma na farkon sun fi ba ni tsoro.

Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana a yanka ta. Mutanen Mali ba su gaza mu sabawa da rana ba, har ma sun fi da yawa daga cikinmu. Amma ran 3 ga Afrilu, 2024, ma'aunin zafi ya kai digiri 48 da rabi a garin Kayes. A Bamako kuwa, asibitin Gabriel Touré ya ƙidaya mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗu na farkon watan nan, alhali a Afrilun 2023 duka mutum 130 ne suka rasu a can. Galibinsu tsofaffi ne. Abin ya zo cikin azumi, ga kuma wutar lantarki tana ta ɗaukewa. A watan Yuni na 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, alhazai fiye da 1,300 suka riga mu gidan gaskiya. Galibin waɗannan mutanen ƙasashen rana ne. In sabo yana tsare mutum, da ya tsare su.

Dalilin zafin bazara ba ɓoyayye ba ne, mun karanta shi a darasin labarin ƙasa. Daga Maris zuwa Mayu rana tana bi ta tsakar kanmu za ta arewa, hazon hunturu da ke tare ta ya washe, ruwan sama kuwa bai sauka ba. Shi ya sa kudu takan sha nata tun Fabrairu da Maris, su Sakkwato da Maiduguri kuwa sai Afrilu da Mayu, inda digiri 40 ba labari ba ne. Wannan tsohon abu ne. Sabon shi ne duniya kanta ta ƙara ɗumi, saboda hayaƙin kwal da fetur da gas da aka yi ta ƙonawa shekara da shekaru ya taru a sama yana riƙe zafi. Masanan yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara awo, ta ɗara zamanin da ba a kafa masana'antu ba da wajen digiri 1 da rabi. Afirka duka abin da take fitarwa na hayaƙin nan wajen kashi 4 ne cikin 100, amma rana ba ta tambayar wa ya yi laifi.

Yanzu bari in zo ga jikin mutum, don a nan ne na ga mun fi ƙarancin sani, mu da za mu riƙe 'ya'yan mutane.

Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne, ko waje ya yi sanyi ko ya yi zafi. In rana ta tsananta, jiki yana da dabara biyu. Yakan tura jini zuwa fata, shi ya sa zuciya ke ƙara bugu. Yakan kuma fid da gumi. To, ga inda mutane ke kuskure: fitar gumi ba ita ke sanyaya mutum ba, bushewarsa ce. Sa'ad da gumi ke bushewa yakan tafi da zafin fata, kamar dai yadda randa ke tsattsafo ta waje ruwan cikinta ya yi sanyi. Wannan hikima ce marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya ɗauka ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan miya da kan lalace cikin 'yan kwanaki suka riƙa yin makonni. Har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Amma ku ɗauki randar Kano ku kai ta Legas ko Fatakwal, za ku ga ba ta sanyi kamar a gida, don iskar can ta ƙoshi da laima, ba ta da wurin karɓar wata. Haka jikin mutum yake. Saboda haka ɗan Katsina da ke alfahari ya sha digiri 42 a garinsu, kada ya raina digiri 35 na wuri mai laima. Gumi zai yi ta kwarara, riga ta jiƙe sharkaf, ruwan jiki yana ƙarewa, sanyi kuwa bai samu ba. Baƙo yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin jikinsa ya daidaita da zafin sabon wuri, don haka sababbin ɗalibai da masu dawowa daga hutu su bi a hankali.

In dabarun nan biyu suka fara gazawa, sai a ga ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, jijiyoyi suna ɗaurewa, fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu. Wannan gargaɗi ne, inuwa da ruwa da hutu sukan warkar da shi. In gumi ya fita da yawa, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa kurɓa. Amma in yaro ya fara sambatu, bai san inda yake ba, ko ya yanke jiki ya faɗi, jikinsa ya yi rau, to zafin cikinsa ya kai digiri 40 ko fiye, rai kuwa yana cikin haɗari. Abin da muka saba yi a irin wannan hali shi ne a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a ba shi Panadol, a lulluɓe shi. Panadol ba ya sauke wannan irin zafi, lulluɓi kuwa ƙara wa wuta itace ne. A ja shi inuwa, a rage masa tufafi, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti, kada a daina jiƙa shi a hanya. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa, sai ya shaƙe. Ina tambaya, cikinmu mutum nawa ne aka taɓa gwada wa wannan kafin a tura shi koyon koyarwa? A ganina bai kamata a ba kowa takardar shaidar malanta ba sai ya iya shi, kamar yadda ba a ba shi sai ya iya rubuta tsarin darasi.

To, sai masu fargaba. Ba na yi musu dariya, don abin da suke tsoro gaskiya ne. Amma su san abu guda. Zafi da kansa yana sa zuciya ta yi sauri, yana hana barci, yana sa mutum ƙunci da saurin fushi. Wanda bai san haka ba, da ya ji ƙirjinsa na dukan uku-uku da tsakar dare sai ya ce mutuwa ce ta zo, tsoron kuwa ya ƙara wa zuciyar sauri. Ya tashi ya watsa ruwa, ya sha kofi ɗaya, ya zauna inda iska ke ratsawa. Sau da yawa abin yakan lafa cikin ɗan lokaci. In bai lafa ba, ko akwai ciwon ƙirji, wannan aikin likita ne. Abin da ke hura wutar fargabar nan har da saƙonnin da ake yi ta turawa ta waya, ba sunan marubuci, ba ranar rubutu. Na ga wanda ke cewa in ka sha ruwan sanyi cikin rana jijiyar jininka za ta fashe. Ƙarya ce, muguwa kuwa, don tana hana mutum abin da zai cece shi. Mai son sanin yanayin gobe ya nemi sanarwar hukumar NiMet, sau ɗaya a yini ya isa, sa'an nan ya ajiye waya. Ya kuma tuna, saurayi ko budurwa mai lafiya da ke samun ruwa da inuwa ba shi ne kan gaba a haɗari ba. Tsofaffi ne, da jarirai, da masu juna biyu, da masu hawan jini ko ciwon ƙoda ko na sukari, da masu aikin ƙarfi a rana. A Turai, zafin 2003 ya kashe mutum wajen 70,000, kusan 15,000 a Faransa kaɗai, da yawansu tsofaffi ne da ke zaune su kaɗai ba mai leƙa su. Wanda hankalinsa ya tashi, ya kashe tashin hankalin nan wajen bugo wa kakarsa waya, ko ya miƙa wa tsohon mai gadin ƙofa ruwan randa. Zai ga ya fi samun barci.

Masu azumi suna da ɗan sauƙi a gaba. Watan yakan matso da wajen kwana 11 kowace shekara. A 2024 ya kama daga Maris zuwa Afrilu, tsakiyar bazara sosai, daga nan kuwa tafiya yake yi wajen hunturu.

Abin da ya fi damuna shi ne ginin makarantunmu. Kakanninmu sun gina soro da katanga mai kauri, da rana ciki sanyi, da dare a hau bisa ko a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Mu kuwa da muka yi boko muka kawo bulo da kwano, sau da yawa ba silin, muka zuba yara sittin ko tamanin a ciki, sa'an nan muna mamaki don me ba sa gane lissafi da ƙarfe ɗaya na rana. Yaron ba daƙiƙi ba ne, dafuwa yake yi. Waɗansu ƙasashe sun kai ga rufe makarantu ɗungurum: Sudan ta Kudu ta yi haka a Maris 2024, Bangaladash da Filifin a Afrilu. Asusun UNICEF ya ce a watan Afrilun nan kaɗai zafi ya taɓa karatun yara fiye da miliyan 118. Ni ba na goyon bayan rufewa a wurinmu sai in ta zama tilas, don yaron da aka kora gida sau da yawa talla ko gona za a tura shi, cikin ranar da ake guje masa. Gara a juya lokaci. A shiga aji da ƙarfe 7, a ba da darussa masu nauyi da sanyin safiya, a tashi kafin azahar, wasanni da noman makaranta a mai da su bayan la'asar sakaliya. Horon da ake yi na tsai da yaro ko sa shi durƙuso a rana, wannan kam a bar shi har abada. Mu ma a nan, ban ga abin da zai hana a ɗaga lacca ta ƙarfe 2 zuwa yamma cikin watanni biyun nan ba.

Za a ce ba kuɗi. Birnin Ahmadabad na Indiya ya rasa mutum fiye da 1,300 a zafin Mayun 2010. A 2013 suka tsara shirin yaƙi da zafi, mafi yawansa kuwa ba mai tsada ba ne: gargaɗi tun da wuri, ruwan sha a kan hanya, horar da ma'aikatan asibiti. Daga baya suka haɗa da shafa wa rufin gidaje farin fenti, don fari yana mai da hasken rana, baƙi da tsatsa kuwa suna shanye shi. Farar ƙasa ba ta gagare mu ba. Silin na zana ko asabari bai gagare mu ba. Randa biyu da murfi da moɗa a bakin kowane aji, ƙungiyar ɗalibai ma tana iya saye. Fanka tana da amfani in akwai wuta, amma in zafin ɗaki ya haura digiri 40 iskar tanderu kawai take hura wa mutum, sai an jiƙa jiki ko riga tukuna. A ɗakunan kwana kuma a buɗe tagogi da dare, a ɗaura gidan sauro, a rage cunkoso, don lokacin zafi da ƙura shi ne lokacin sanƙarau. Wanda ya isa tunawa da 1996, sa'ad da cutar ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Janareta kuwa kada a kusantar da shi taga saboda son fanka, hayaƙinsa yana kisa cikin barci.

Saura itatuwa. Dalbejiyar da muke fakewa a ƙarƙashinta, asalinta daga Indiya ne, a zamanin Turawa aka kawo irinta, waɗanda suka dasa ta kuwa ba su suka more inuwarta ba. Ina ba da shawara kowane aji ya ɗauki dashe 20 da zarar ruwa ya zauna, dalbejiya da mangwaro da tsamiya, a jera su gabas da yammacin azuzuwa inda rana ta fi dukan bango, a rubuta sunan ajin a jikin allo. Dashe ba wuya, rainon ne aiki. A kewaye kowanne da ƙaya saboda awakin unguwar ma'aikata, a kuma sa waɗanda ba sa tafiya gida hutun rani su riƙa ba su ruwa, ko da na wanke kwanuka ne daga ɗakin girki.