Makulli ɗaya bai ishi motar zamani ba

Yawancin motocin da ke yawo a Tasawa da Mayahi 'yan Kwatano ne: an gama hawansu a Turai ko Amurka kafin su iso Nijar. Da yawansu kuma makulli ɗaya tak suke zuwa da shi. Mai saye ya duba inji, ya duba taya, ya biya kuɗi, bai tambayi na biyun ba, sai ranar da makullin ya faɗi a kasuwa ko yaro ya jefa shi a rijiya.

A da, mai yankan makulli na bakin tasha kan magance wannan cikin minti goma. Yanzu abin ya canza. Tun 1998 ƙasashen Tarayyar Turai suka wajabta wa sababbin motoci na'urar hana tayar da inji, Kanada kuma ta bi sahu a 2007. A cikin kan makullin akwai wata 'yar ƙwayar lantarki mai ɗauke da lambar sirri. Da zarar an zura shi, zoben wayar da ke kewaye da bakin makullin zai karanta lambar ya miƙa wa kwamfutar motar. In lambar ba ta dace ba, ko dai injin ya ƙi tashi, ko ya tashi ya mutu nan take. Makullin da aka yanka kawai zai iya buɗe ƙofa, amma ba zai tayar da mota ba.

Saboda haka aikin kashi biyu ne: yankan ƙarfen, sannan gabatar da sabuwar ƙwayar ga kwamfutar, galibi da na'urar da ake jonawa a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Muddin makulli na farko yana hannu, aikin bai da wuya. A motocin Toyota da yawa, baƙin makulli shi ne babba, da shi ake ƙara wani, mai ruwan toka kuwa ba ya wannan aikin. In duka suka ɓace, sai an sake saita kwamfutar ko an sauya ta, kuɗi ya ninka. Wanda bai samu mai na'urar da ta dace da motarsa a gari ba, sai Maradi ko Damagaram, kowanne fiye da kilomita 100 daga Tasawa, da motar da ba ta tashi. Sayo kaya ma ya ƙara wahala tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome. Ga direban haya, kowace rana da mota ta kwana a gareji, cefanen gida ne ya tsaya.

A nan ne wasu ke zaɓar gajeriyar hanya: a cire na'urar gaba ɗaya, ko a manne ƙwayar kusa da zoben don kowane ƙarfe ya tayar da motar. Araha ba ta ado. Amurka ta ga sakamakon rashin wannan kariya: motocin Kia da Hyundai da dama da aka sayar babu ita sun zama abin wasan matasa, sata ta yi ƙamari a birane irin su Milwaukee a 2021, bidiyon yadda ake tayar da su kuma ya bazu a TikTok. Yankin da iyakar Najeriya ke kusa, inda mota kan iya tsallakawa cikin dare ɗaya, bai kamata ya kwance wa ɓarawo ƙofa da hannunsa ba.

Akwai nauyi a kan kowa. Mai saye ya sa makulli na biyu cikin ciniki, ya kuma gwada cewa yana tayar da inji kafin ya biya. 'Yan uwa mazauna Faransa, Beljiyam ko Amurka da ke aiko da mota gida su haɗo da makullan biyu. Wanda makullinsa ya ɓata ya sa a goge shi daga kwamfutar, don kada wanda ya tsinta ya dawo da dare.

Masu sana'ar su ma su riƙe amana. Na'urar da ke taimakon mai mota ita ce ke taimakon ɓarawo. Ya dace su nemi takardar mallakar mota da katin shaidar mai ita kafin su taɓa aiki, su kuma rubuta kowane aiki a littafi. Ƙungiyoyin direbobi da na makanikai, tare da 'yan sanda da jandarma, za su iya mayar da wannan ƙa'ida ta kowa a Tasawa da Mayahi.

Lokacin yin makulli na biyu shi ne yau, tun na farko yana aljihu.