Wasiƙa daga Gilasgo: ta yaya na'ura ke sanin takarda ta amsa tambayarka?

Kun sha tambayata me nake karantawa a nan Sikotilan, to yau ga kaɗan daga ciki, tare da ra'ayina.

Ka ce ka rubuta wa kwamfuta "maganin zazzaɓin cizon sauro". Akwai wata takarda da ta ce artemisinin yana kashe Plasmodium. Ba sauro a cikinta, ba zazzaɓi. Injin da ke ƙirga kalmomi kawai, irin tsarin BM25 da aka gina a Landan a shekarun 1990, zai wuce ta. Amma duk wanda ya san Plasmodium ne ke kawo wannan zazzaɓin ya san ita ce amsar.

A nan jami'ar Gilasgo, a 1986, Keith van Rijsbergen ya kawo shawarar a ɗauki abin a matsayin hujja irin ta ilimin manɗiƙi: shin daga abin da takarda ta faɗa za a iya kaiwa ga abin da aka tambaya? Idan ba a kai ba, wane bayani za a ƙara kafin a kai? In ƙarin kaɗan ne, takardar ta dace. In sai an jibga bayanai, ta yi nisa. A misalinmu jumla ɗaya tak ake buƙata.

Wasu na sukar cewa ai takardar da ta ƙaryata zatonka ma tana da amfani. Gaskiya ne. Mai neman chloroquine ya fi buƙatar wadda za ta gaya masa ƙwayar cutar ta daina jin maganin a yawancin Afirka. Sai dai tun 1971 William Cooper ya sa wannan a lissafi: bayani ya dace in ya taimaka wajen tabbatar da magana ko wajen rushe ta.

Ni dai ina bayan wannan hanya, duk da wahalarta (rubuta wa na'ura ilimin duniya jumla-jumla ba ƙaramin aiki ba ne, wallahi). Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na yanzu suna tsallake wannan gibi cikin ƙiftawar ido, har masu bincike sun fara ba su aikin tantance dacewar takardu. Abin da ke damuna shi ne jumlar da suka ƙara a ɓoye take. In ta zama tsohon zance ne, kamar cewa chloroquine na aiki har yanzu, wa zai gani ya gyara?

A gaida su Hajiya da yara. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya yarda.