Kafin Ka Nemi Manhajar Gyaran Sikirinshot, Karanta Wannan

Da zarar mutum ya ɗora sikirinshot a shafinsa na intanet ya ga rubutun ya yi dishi-dishi, sai ya fara neman manhajar da za ta sa hoton ya fito tar. Ni dai a ganina nan ne ake kuskure. Yawancin lokaci wayar ta ɗauki hoton lafiya lau, a hanya ne aka lalata shi.

Sikirinshot yana fitowa ne daidai da girman allon wayarka. In allon 720 x 1600 ne, iyakar abin da za ka samu ke nan. In ka yanko ɗan ɓangare ka ja shi ya cika shafi, dole ya fashe. Don haka ka fara zuƙo rubutun ya yi girma a kan allo, sannan ka ɗauka.

Sai maganar WhatsApp. Ka ɗauka a waya, ka tura wa mai kula da shafin, shi ma ya tura kwamfutarsa ta WhatsApp ɗin. To ai WhatsApp matse hoto yake yi don rage cin data. Ko zaɓin HD da suka kawo a 2023 bai hana matsewar gaba ɗaya ba. In dai dole ne sai ta nan, ka tura shi a matsayin Document, zai isa yadda yake.

Akwai kuma nau'in fayil. JPG na hoton biki ne da fuskar mutane, amma yana ɓata gefen haruffa, kuma duk sanda ka gyara ka sake ajiyewa sai ya ƙara lalacewa. PNG ba ya zubar da komai, shi ya dace da rubutu. iPhone da PNG yake ɗauka. Masu Samsung kuwa ku leƙa saitin sikirinshot, za ku iya sauya shi daga JPG zuwa PNG.

Wani zai ce, "Malam, ai yanzu akwai manhajojin AI masu gyara hoto." Gaskiya ne, kuma hoton yakan yi kyau a ido. Amma fa abin da ya ɓace ba dawo da shi suke yi ba, cankar sa suke yi. A fuskar mutum ba wata matsala. A lambar asusun banki ko farashin kaya kuwa, 3 tana iya komawa 8. Ka ga mai saye ya tura kuɗi inda ba nan ba, kai kuma ka shiga bayanin da ba shi da ƙarshe.

Ƙorafin da na yarda da shi shi ne PNG yana da nauyi, kuma mai buɗe shafinka da kuɗinsa ya sayi data. Maganinsa shi ne ka yanke saman da ke nuna batir da agogo, sannan ka rage nauyin sau ɗaya tak da TinyPNG ko Squoosh, ko ka mayar da shi WebP. Ka ajiye na asalin a gefe.

Kafin ka ɗora, ka duba kada lambar wayar wani ko ragowar kuɗin asusunka su fito. In kuma hoton ya riga ya lalace, sake ɗaukar sabo, ko minti ɗaya ba zai ci maka ba.

Allah ya sa mu dace.