Sanɗa da harara a Ingilishi

Iyakar da Faransa da Ingila suka shata daga 1906 zuwa 1908 ta raba Arewa biyu: Dogon Dutsi da Tibiri suka tashi da Faransanci, Kangiwa da Ingilishi. A 2025 kuwa Nijar ta sa Ingilishi cikin harsunan aiki, don haka koyonsa ya kama ma'aikaci da ɗan kasuwa.

Sai dai mai bi ta Faransanci zagaye yake yi. Kalmar «tiptoe», Faransanci sai ya jera kalmomi shida kafin ya fassara ta, Hausa kuwa ta ce sanɗa, ta gama. Haka «limp» ɗingishi ne, «stagger» tangaɗi, «strut» taƙama, «nod» gyaɗa kai, «glare» harara. Ba'are ya fara da harshen gidansu, hanyar ta fi kusa.